Gobarar batirin lithiyam daga ƙwaya ɗaya take farawa: yadda ake tsare ta kafin ta ci sauran

Ranar 7 ga Janairun 2013, wani jirgi samfurin Boeing 787 na kamfanin Japan Airlines ya sauka a filin jirgin saman Logan da ke Boston a Amurka. Fasinjoji sun gama fita, masu shara sun shiga, sai ga hayaƙi a cikin jirgin. Da aka bincika, batirin lithiyam da ke ƙasan jirgin ta baya ne ke ci. Ranar 16 ga watan kuma wani 787 ɗin na All Nippon Airways ya yi saukar gaggawa a Takamatsu da ke Japan, domin nasa batirin ya ƙone yana cikin tafiya a sama. A ranar hukumar FAA mai kula da jiragen saman Amurka ta hana samfurin tashi, sauran ƙasashe suka bi sahu, jirage 50 suka zauna a ƙasa sama da wata uku. Sai a ƙarshen Afrilu jirgin Ethiopian Airlines ya buɗe fage da tashi daga Adis Ababa zuwa Nairobi.

Batirin da ya jawo wannan asara bai kai kilo 30 ba, ƙwayoyi takwas ne kacal a cikinsa, wato ƙananan baturan da ake haɗawa su zama babban batir ɗaya. Hukumar NTSB mai binciken haɗurran sufuri a Amurka, wadda ta binciki na Boston, ta gano cewa ƙwaya ɗaya ce ta yi shot a cikinta, zafinta ya kama wadda ke jingine da ita, ita ma ta kama ta gaba, har aka rasa batirin baki ɗaya. Lissafin da Boeing ya gabatar kafin a ba jirgin lasisi shi ne, ƙwaya za ta fitar da hayaƙi sau ɗaya ne a cikin awa miliyan 10 na tashi. Sai ga shi abin ya faru sau biyu alhali duka jiragen ba su wuce awa 52,000 ba.

Gyaran da aka yi shi ne abin dubawa. An tsananta binciken ƙwayoyi a masana'anta, an rage iyakar cajin da ake musu, amma babban aikin ya tafi ne ga wani abu daban: an sa abin hana zafi wucewa tsakanin ƙwaya da ƙwaya, an saka batirin cikin akwatin ƙarfe mai kauri, an kuma ja bututu daga akwatin zuwa wajen jirgi. Wato injiniyoyin sun daina rantsuwa cewa ƙwaya ba za ta lalace ba, sun koma shirya wa ranar da za ta lalace. Ranar ta zo kuwa. A Janairun 2014 wata ƙwaya ta sake fitar da hayaƙi a wani 787 da ke tsaye a filin Narita, amma abin ya tsaya a kanta, hayaƙin ya bi bututu ya fita. A ganina, duk wanda ya fahimci wannan sauyin tunani ya fahimci rabin ilimin haɗa batir.

Sai an leƙa cikin ƙwayar kafin a gane dalilin. Falle biyu ne dogaye sirara a naɗe ko a jere: ɗaya na tagulla, an shafa masa girafait, irin baƙin nan na cikin fensir, ɗaya na alminiyam, an shafa masa sinadarin lithiyam haɗe da nikel da manganis da kobalt, ko kuma haɗe da ƙarfe da fosfet. Tsakaninsu akwai wani tantani na roba da kaurinsa bai kai na silin gashi ba, shi kaɗai ne ke hana su taɓa juna. Duka a jiƙe suke da wani ruwa, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin sun saba da ruwan batirin mota. Wancan asid ne da ruwa, yana cin fata da tufafi amma ba ya kama wuta. Na lithiyam kuwa yana ci da wuta sosai.

Idan zafin ƙwaya ya kai wajen digiri 80 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos, wata 'yar fata da ke lulluɓe da girafait ɗin takan fara rugujewa, rugujewar kuma ita kanta zafi take fitarwa. A wajen digiri 130 tantanin, idan na robar polietilin ne, sai ya fara narkewa yana tsukewa. Fallayen biyu sun haɗu ke nan, duk cajin da ke ciki ya zube wuri guda. A ƙwayoyin nikel da kobalt, da an doshi digiri 200 sinadarin zai fara sakin iskar oksijin. Yanzu abin ci da iskar hurawa da zafi duk sun taru a gwangwani ɗaya, kowane mataki yana iza na gaba. Zafi ya kubce, ya haura digiri 600, wani lokaci ya kusa 1,000, kuma daga farkon kubcewar zuwa ƙarshenta daƙiƙu ne. Babu makunnin da za a danna a tsayar da shi.

Abubuwan da ke kai ƙwaya wannan hali sanannu ne: cajin da ya wuce iyaka, duka ko huda, ajiya kusa da zafi. Waɗannan duk ana iya tare su. Wanda ke hana injiniyoyi barci shi ne aibin da ƙwaya ta fito da shi daga masana'anta, ta ɓoye shi watanni tana aiki lafiya. A 2006 kamfanin Dell ya janye baturan laftof miliyan 4.1 da Sony ya ƙera, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ido ba ya gani ya shiga cikin wasu ƙwayoyi. Sony ɗin nan kuwa shi ya fara fito da batirin lithiyam kasuwa a 1991, ba baƙo ba ne a harkar. Wayar Galaxy Note 7 ta Samsung a 2016 sau biyu abin ya same ta. A baturan farko, jakar da aka saka ƙwayar ta matse, kusurwar falle ta lanƙwashe. A waɗanda aka kawo don musanya, waɗanda wani kamfanin daban ya yi, tsinin walda ne ya huda tantani, wasu ma an manta ba a sa musu tef ɗin kariya ba. Motar Chevrolet Bolt kuma sai da aka janye duk wadda aka ƙera zuwa 2021, kimanin 140,000, saboda aibi biyu da kan haɗu a ƙwaya ɗaya jefi-jefi: yagewar kunnen falle da naɗewar tantani. Idan manyan masana'antu masu ɗakunan da ƙura ba ta shiga suna fitar da irin wannan, to batun a ce "ƙwayoyinmu ba sa lalacewa" zance ne kawai na talla.

Mai sayar da batir zai ce maka, "Ai akwai BMS a ciki, Alhaji, ba abin da zai faru." BMS shi ne ɗan allon lantarkin da ke gadin batir, kuma aikinsa ba ƙarami ba ne. Yana auna bolt ɗin kowane rukunin ƙwayoyi, ya yanke caji idan ɗaya ta kai iyakarta, wato 4.2 ga yawancin masu nikel da kobalt, 3.65 ga masu ƙarfe da fosfet da ake kira LFP. Yana hana a tatse ƙwaya fiye da kima, domin idan ta faɗi ƙasa sosai tagullar ciki takan narke cikin ruwan, ranar da aka sake caji ta daskare a matsayin ƙananan tsinaye masu huda tantani. Yana daidaita ƙwayoyi don kada wata ta riga wata cika, yana auna zafi, yana yanke wuta idan lodi ya yi yawa. Amma duk ikonsa a kan waya yake. Shot ɗin da ya faru a cikin gwangwani ba ta waya yake bi ba, ko ka tsinke kowace waya ƙwayar za ta ci gaba da dafa kanta da cajin da ke cikinta. Ƙari a kan haka, batir mai ƙwayoyi ɗari zai yiwu na'urar auna zafi uku ko huɗu ce a jikinsa, kafin labari ya iso gare su an riga an makara.

Saboda haka ne masu haɗa batir na gaske suke gwaji ta hanyar tayar da gobarar da hannunsu. Injiniyoyin hukumar NASA a cibiyar Johnson da ke Houston, waɗanda baturansu ke shiga rigar 'yan sama jannati, sun haɗa kai da cibiyar binciken makamashi ta NREL suka ƙera wani ɗan abu da ake dasawa cikin ƙwaya tun ana naɗa ta. Ɗan kaki ne siriri ke raba ƙarafansa. Da an ɗumama ƙwayar kaɗan kakin ya narke, shot ya auku a daidai inda ake so. Sai a zuba ido a ga yadda maƙwabta za su yi. Wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ya san cewa ba rumfar da wuta ta tashi ce ke yanke yawan asara ba, tazarar da ke tsakanin rumfuna ce da abin da aka yi rufinsu da shi.

Hanya ta farko da masifar ke bi ta lantarki ce. Idan an haɗa ƙwayoyi goma kai da kai, gindi da gindi, don su ƙara yawan caji, ranar da ɗaya ta yi shot sauran tara za su juye wutarsu cikinta, su ƙara mata zafi su ma su ɗauka. Maganin shi ne kowace ƙwaya ta samu fiyus nata. Tesla, a motar Model S mai ƙananan ƙwayoyi sama da 7,000, siririyar waya ya yi amfani da ita wajen haɗa kowace ƙwaya da babban layi, wadda za ta tsinke da kanta idan wuta ta yi yawa. Ƙwayoyin gwangwani masu kyau ma suna da nasu kariyar a ƙarƙashin hula: wani faifai da matsin iska ke ɓallewa ya yanke wuta, da wurin da aka raunana da gangan don ya fashe iska ta fita kafin gwangwanin ya tsage ta gefe.

Hanya ta biyu ita ce taɓuwar jiki, kuma a nan gizo ke saƙar. Kana so zafin ƙwayar da ta kama kada ya isa ga ta kusa, sai ka sa shamaki: fallen maika ko erojel, abubuwan da zafi ba ya ratsawa da sauƙi, ko 'yar tazara ta milimita kaɗan. Amma wannan shamakin shi ne kuma zai riƙe zafin aikin yau da kullum a ciki, ƙwayoyin tsakiya su riƙa dahuwa a hankali suna tsufa kafin na gefe. Injiniyoyi suna so ƙwayoyi su zauna tsakanin digiri 15 zuwa 35, bambancin mafi zafi da mafi sanyi kada ya wuce kamar digiri 5. Dabarar da aka fi bi ita ce a toshe wa zafi hanya ta gefe, a buɗe masa ta ƙasa, inda ƙwayoyin ke zaune kan farantin alminiyam da ruwan sanyaya ke bi ta cikinsa. Kowane zaɓi da kuɗinsa. Nissan Leaf ta farko ba ta da irin wannan sanyayawa, masu ita a jihar Arizona mai zafi suka fara kukan raguwar ƙarfin batir tun 2012. Ruwan sanyayar kuma shi kansa abin tsoro ne idan ya yoyo: gobarar da ta tashi ranar 30 ga Yulin 2021 a katafaren batirin jihar Victoria, kusa da Geelong a Ostireliya, yoyon ruwan sanyaya ne ya haddasa shot a akwatin Tesla Megapack guda, iska ta kaɗa harshen wutar ta kai shi rufin akwati na biyu.

Hanya ta uku ce aka fi rainawa. Ƙwayar da ta kubce ba zafi kawai take yi ba, amai take yi: iska mai zafi da narkakken alminiyam da ɓarɓashi suna fita da ƙarfi ta bakinta, kuma a ƙwayoyi masu yawan caji kaso mafi girma na zafin ta nan yake fita. Idan bakin yana kallon wata ƙwaya ko wayoyi, shamakin da ka sa a gefe bai amfana komai ba. Dole a yi wa aman hanya ta musamman, a lulluɓe ƙarafan haɗi, a sa ƙofar da za ta buɗe da kanta idan matsi ya taru a akwati.

Iskar kuma ko ba ta kama wuta nan take ba, ba ta tafi ba. Akwai haidirojin a cikinta, da kabon monoksaid, da haidirojin fulorayid mai ƙona huhu. Ranar 19 ga Afrilun 2019, a wata ma'ajiyar lantarki ta McMicken da ke garin Surprise a Arizona, ƙwaya ta kubce ta ci jerin da take ciki. Na'urar kashe gobara ta fesa sinadarinta kamar yadda aka tsara, ba a ga harshen wuta ba, amma ƙwayoyin suka ci gaba da kama juna suna cika rufaffen ɗakin da iska. Bayan kimanin awa uku 'yan kwana-kwana suka buɗe ƙofa, iskar waje ta shiga, wurin ya fashe. Huɗu daga cikinsu suka ji munanan raunuka, ɗaya ma an yi jifa da shi sama da mita 20. Tun daga nan batun fitar da iska da auna ta daga waje ya shiga sahun gaba a ƙa'idojin manyan ma'ajiyoyi.

Dokoki ma sun bi wannan hanya. Ƙa'idar GB 38031 ta China ta 2020 ta nemi motar lantarki ta ba fasinja gargaɗin minti 5 kafin haɗari ya iso inda yake zaune. Sabuwar da aka fitar a 2025, wadda aka sa 1 ga Yulin 2026 a matsayin ranar fara aikinta, ta ce ko ƙwaya ta kubce kada batirin ya kama wuta ko ya fashe kwata-kwata.

Yawancin baturan lithiyam na sola da ke shigowa gidajenmu a Kano da Kaduna da Yamai da Maraɗi LFP ne, kuma wannan sa'a ce. Sinadarinsa ya fi riƙe oksijin ɗinsa, sai zafi ya yi nisa sosai kafin ya kubce, idan ya kubce ma bai kai na nikel zafi ba. Sai dai kada a mayar da "ya fi aminci" ya zama "ba ya ci". Ruwan cikinsa iri ɗaya ne da na sauran, iskar da yake fitarwa kuma tana da haidirojin mai yawa. Ma'ajiyar da ta fashe a Beijin a Afrilun 2021 ta kashe 'yan kwana-kwana biyu, LFP ce.

Zafin bazara namu, inda Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40 a Afrilu, shi kaɗai ba zai kunna batir ba. Abin da yake yi shi ne cinye tazara. Yawancin masu ƙera ƙwayoyi sun iyakance caji a digiri 45, ga shi kuma lokacin da sola ke turo wuta mafi yawa shi ne tsakar rana, lokacin da ɗan sito mai rufin kwano ba taga ya fi ko'ina zafi. Batirin da aka kulle a nan, inbata na hura masa nata zafin, zai tsufa da wuri, tsohuwar ƙwaya kuma ita ce lithiyam ke taruwa a fuskarta idan ana mata caji da ƙarfi. Inuwa da iska da ɗan nisa daga inbata sun fi kowane ƙarin na'ura araha.

Sau da yawa ma wutar ba daga ƙwaya take tashi ba, daga aikin hannu ne. Noti ɗaya da bai ɗauru ba a kan batir zai yi zafi har ya narka roba, domin idan wutar da ke bi ta ninka biyu zafin ninkawa huɗu yake yi. Birekar da aka yi don wutar gida ba ta dace da layin batir ba, saboda tartsatsin wutar batir ba ya mutuwa da kansa idan an yanke. Akwai kuma saitin inbata. Batirin da ake kira na bolt 48 wani ƙwaya 16 ne a jere, wani 15. Idan mai haɗawa ya sa iyakar caji 58.4, wadda ta dace da 16, a kan mai 15, kowace ƙwaya ana tura ta zuwa kusan 3.9, kullum BMS ne zai riƙa ceton ta, har ranar da shi ma ya gaza. Haka saitin nan na tafasa batirin ruwa lokaci-lokaci don daidaita shi, dole a kashe shi idan an koma lithiyam.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne teburin masu haɗa batir da tsofaffin ƙwayoyin laftof, irin 18650 ɗin nan mai faɗin milimita 18 da tsawon 65. Sana'a ce mai amfani, tana sauƙaƙa wa talaka, amma dubi yadda ake yi a wurare da yawa. An fasa tsohon batir da sukundireba, an zaro ƙwayoyi, rigar robar wasu ta yage a kafaɗa. An ɗora mita, wadda ta nuna bolt ta ci jarrabawa. An kafa bakin ƙarfen dalma mai zafi a kan hular ƙwaya har sai dalmar ta kama, an jera su jiki da jiki, an naɗe da salatif. Kowane mataki a nan akwai matsala. Gwangwanin gabaɗayansa ɓangare ɗaya ne na wutar, hular kuma ɗaya ɓangaren, tazararsu a kafaɗa 'yar kaɗan ce, shi ya sa ake manna zoben takarda a wurin, yagaggiyar riga kuma a sauya ta. Mita ba ta nuna ƙwayar da ke zubar da caji a ɓoye. Sai an cika ta an ajiye makonni an sake aunawa, an kuma gwada yawan cajin da take ɗauka. Zafin dalma yana lalata robar da ta toshe bakin ƙwaya, aikin na injin walda mai ɗigo ne. Ƙwayar da aka rubuta wa 9,900mAh a matsayin yawan cajinta kuwa ƙarya ce tsagwaronta, ta gaskiya a wannan girma ba ta wuce wajen 3,500 ba. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A birnin New York, gobarar baturan lithiyam 268 ta kashe mutum 18 a 2023, galibi daga kekuna da baburan lantarki da ake caji a cikin gidaje, birnin kuma ya haramta sayar da waɗanda ba su da shaidar gwajin UL, cibiyar da ke gwada amincin kayan lantarki.

Idan batir ya kumbura, ko yana wari mai ɗan zaƙi kamar na sinadari, ko yana zafi alhali ba a aiki da shi, ya gama yi. A cire shi daga caji a kai shi fili nesa da abin da ke ci. Idan ya fara tsaki da farin hayaƙi, ba lokacin jarumta ba ne, a fitar da mutane, kada a shaƙi hayaƙin. Garin tukunyar kashe gobara yana kashe harshen wuta amma ba ya sanyaya ƙwaya, bargo kuma zafin yake riƙewa. Ga ƙaramin abu kamar waya ko fawa-bank da ba a jone da soket ba, ruwa mai yawa ne magani, haka ake koya wa ma'aikatan jirgin sama, don a sanyaya ƙwayoyin da ba su kama ba tukuna. Babban batirin gida da ke jone da inbata da falankin sola kuwa aikin 'yan kwana-kwana ne, a kuma gaya musu tun a waya cewa lithiyam ne, kada su buɗe rufaffen ɗaki kai tsaye. Bayan wuta ta mutu, ƙwayoyin da suka ji zafi ba su fashe ba suna nan da cajinsu, suna iya tashi bayan awoyi ko kwanaki, don haka ragowar batirin a waje za ta zauna, a kan ƙasa ko siminti, har a samu wanda ya san yadda ake zubar da ita.